Darasi na 11: Zuciya da Kuɗi, Yanke Shawara Kafin Ranar Rabo

Ga mai jagorantar darasi

A gabatar da wannan darasi idan ya rage mako huɗu ko biyar a yi rabon kuɗin asusu. Kada a bari sai ranar rabo, domin ran nan hankalin kowa yana kan akwati. Darasin zai ci kamar awa ɗaya da rabi. In mata suna da aikin gona ko na gida, a raba shi zama biyu. A tanadi tsakuwa ko ƙwayar wake 20 ga kowace mace, da ɗan kara na yin zane a ƙasa. A zauna a zagaye yadda kowa ke ganin fuskar kowa. A karanta a hankali, a tsaya duk inda aka rubuta "A tattauna". Ba a kama sunan kowa wajen ba da misali, kuma abin da aka faɗa a zaman ba ya fita waje.

Abin da muke so a samu

Bayan wannan darasi, muna so kowace 'yar ƙungiya:

1. ta gane abubuwan da ke karkatar da zuciya idan kuɗi ya shiga hannu;
2. ta bambance abin da daɗinsa ke saurin wucewa da abin da ke kawo kwanciyar hankali;
3. ta koma gida da shawarar abin da za ta yi da rabonta, ta kuma faɗa wa mutum ɗaya da ta amince da shi.

1. Mata biyu, rabo ɗaya

To, 'yan uwa, mu ƙaddara akwai mata biyu a ƙungiya ɗaya, mai tuyar ƙosai da mai daddawa. Shekara guda suna zubi daidai wa daida. Ranar rabo kowacce ta tashi da naira dubu 80.

Mai ƙosai ta isa gida da murna. Kafin magariba dillaliya ta yi sallama da wata atamfa, ta ce ita kaɗai ta rage. Ta saya. Washegari ƙanen mijinta ya zo neman aro, ya ce mako ɗaya zai dawo da shi. Kunya ta hana ta cewa babu. Sai ga ankon bikin 'yar maƙwabciya, sai gudummawa, sai yara suka ce nama suke so. Kafin mako uku, abin da ya rage a ƙullin zanenta bai kai dubu 5 ba. Da damina ta faɗi, sai da ta ci rance kafin ta sami kuɗin taki.

Mai daddawa kuwa, tun saura wata guda ta zauna da ƙawarta ta ce: "Rabi na 'yar akuya ne. Abin da ya rage zan kasa uku: taki, kuɗin makarantar yarinya, sai ɗan abin da zan ji daɗi da shi ni ma." Ranar rabo, kafin ta shiga gida ta biya ta damƙa wa yayanta kuɗin akuya, domin washegari kasuwa ke ci. Ita ma dillaliya ta zo mata, ita ma an zo neman aro. Amsarta ɗaya ce: "Wallahi kuɗin ya riga ya sami wuri."

Ku lura da kyau. Mai ƙosai ba wawuya ba ce, kuma babu abin da ta saya wanda yake mugun abu. Ita ma tana son akuya, ita ma ta san damina na tafe. Inda suka rabu shi ne lokacin da kowacce ta yanke shawara. Ɗaya ta yanke tun kuɗi yana cikin akwati, ɗaya kuma sai da ya shiga hannu jama'a suka kewaye ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A tattauna: A rabon bara, kwana nawa kuɗinki ya yi a hannunki? Me ya rage yau da za ki nuna ki ce daga rabon nan ya fito?

2. Tunani mai sauri da tunani mai natsuwa

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Kahneman ya kwashe shekaru yana nazarin yadda mutane ke yanke shawara, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2002. A littafin da ya fitar a 2011 ya bayyana cewa tunaninmu yana aiki ta hanya biyu.

Akwai mai sauri. Shi ne ke sa ki fizge yaro daga bakin murhu kafin ki san kin miƙe. Shi ne ke sa ki gane ran mai gida a ɓace yake daga jin sallamarsa. Ba ya gajiya, ba ya jiran izini, kuma sau da yawa yana da gaskiya.

Akwai kuma mai natsuwa. Shi ne kike amfani da shi in kin zauna kina lissafin ko tiyar gyaɗa ta fitar da riba: kuɗin gyaɗa, kuɗin niƙa, itace, sannan abin da mai da ƙuli-ƙuli suka kawo. Wannan yana cin ƙarfi, yana son lokaci. In kin gaji, ko kina jin yunwa, ko ana tsaye a kanki ana jira, sai ya ja da baya ya bar wa mai sauri fili.

Matsalar ita ce, mai sauri gwani ne wajen ceton yaro daga wuta, amma bai iya lissafin kuɗi ba. Masu sayar da kaya sun san haka ko da ba su karanta shi a littafi ba. Shi ya sa ake ce miki "saura ɗaya", ko "gobe zai tashi". Shi ya sa ake fara taya miki da dubu 20, a sauko zuwa 14, sai ki ji kamar kin ci ribar dubu 6, alhali dubu 14 ce ta fita daga hannunki. Farashin farko da kunne ya ji yakan zama ma'auni, ko da kuwa ba shi da tushe.

Maganin wannan ba shi da wuya: duk abin da kuɗinsa ya fi zubin wata guda, a bar shi ya kwana. In da safe har yanzu kina buƙatarsa, kuma kin san daga wane kaso zai fito, to ki saya.

3. Ƙwai a baka

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Akwai inda maganar take da gaskiya, musamman in ba ki amince da mai riƙe da akurkin ba. Amma zuciya takan yi amfani da ita ta cuce mu. Abin da ke gabanmu yau kullum girma yake yi a ido, na wata shida mai zuwa kuma ya yi ƙanƙanta. Kowa yana da wannan hali, mai kuɗi da talaka, mai ilimi da wanda bai shiga aji ba.

A gundumar Busia da ke yammacin Kenya, masu bincike uku, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson, sun lura da wani abu game da manoman masara. Bayan girbi kusan kowa yakan ce baɗi zai sa taki. In lokacin ya zo, da yawa sai su ce babu kuɗi. Sai aka gwada wata dabara: a je wa manomi da zarar ya gama girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsa, ya biya kuɗin taki a kan farashinsa na kasuwa, a ba shi takarda, daga baya a kai masa takin har gida kyauta. Masu amfani da taki suka ƙaru ƙwarai. Wannan ɗan sauƙin da aka yi da kaka ya yi aiki kusan daidai da rage rabin farashi da aka yi wa wasu daga baya, lokacin zuba taki.

A wannan yankin kuma, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun yi aiki da ƙungiyoyin adashi. An ba wasu 'yan adashin ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, makulli kuma a hannunsu, aka ce su riƙa ajiye kuɗin kula da lafiya a ciki. Babu riba, babu kyauta, akwati kawai. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna abin da suka kashe wajen kayan kare lafiya, irin su gidan sauro, ya ƙaru da kashi 66 cikin ɗari. Kun ga dai, kuɗin da aka raɗa wa suna aka ba shi wuri ya fi wuyar taɓawa a kan wanda ke yawo a ƙullin zane.

Mu ma ai muna da namu. Irin wannan asusu da muke yi, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar ya fara a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, kuma a kan adashin da iyayenmu suka sani aka gina shi. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Kwaɗo uku da ke jikin akwatinmu, da makullan da ke hannun mata uku daban, ba don ɓarawo kaɗai aka yi su ba. Suna tsare kuɗinki daga hannunki ke ma a ranar da zuciya ta yi rauni. Sai dai ranar rabo kwaɗon nan uku duk suna buɗewa. Daga ranar, shawarar da kika riga kika yanke ita ce kwaɗon da ya rage miki.

A tattauna: Wace dabara iyayenmu suke yi don kada su taɓa hatsin iri ko kuɗin da suka ware? Wacce za mu iya ara?

4. Matsi yana cin hankali

Sau da yawa mace takan zargi kanta: "Ni dai ban iya riƙon kuɗi ba." Wasu ma su ce talaka shi ya ja wa kansa. Ku saurari wannan.

A jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, manoman rake sau ɗaya suke karɓar kuɗinsu a shekara. Kafin girbi suna cikin matsi, ana cin bashi ana jinginar da kaya. Bayan girbi hannu ya buɗe. Masu bincike suka yi wa manoma 464 gwajin kaifin tunani sau biyu, kafin girbi da bayansa. Mutanen nan dai su ne, ba a canza su ba, amma bayan girbi sun fi yin ƙoƙari a gwajin nesa ba kusa ba. An buga wannan a 2013. Bayanin da masu binciken suka yi shi ne, damuwar "ina zan samo" tana cinye wani sashe na hankali, sai abin da ya rage na yin lissafi ya yi kaɗan.

Kowace mace a nan ta san wannan a jikinta. Ranar da yaro ke kwance da zazzaɓi kuma babu na magani, ko gishiri kina iya mantawa a miya. A irin wannan rana ce ake sayar da akuya a rabin kuɗinta, a irinta ce ake karɓar bashin da za a biya ninki biyu da kaka.

Abu biyu za mu ɗauka. Na farko, mu daina zagin kanmu da junanmu. Wadda ta yi kuskure cikin matsi, ke ma da kina wurinta wataƙila haka za ki yi. Na biyu, manyan shawarwari a yanke su lokacin da ciki ya ƙoshi, rumbu bai kai ƙasa ba. Asusun taimakon juna da muke zuba wa ɗan kaɗan kowane zama, amfaninsa ke nan: ya tare ranar matsi, don kada ta tilasta miki shawarar da za ki yi shekara kina cizon yatsa.

5. Idon mutane da zafin asara

Akwai kuɗin da muke kashewa ba don muna so ba, sai don "me za a ce". A yi anko, a jera kwalla da samira har rufin ɗaki, a yi gara ta fi ta gidan wance. Zumunci gaskiya ne, kuma wadda ta yi miki ranar bikinki tana da haƙƙi a kanki. Amma ku tambayi kanku: bikin da aka yi shekara biyu da suka wuce, wa ya tuna kalar zanen da kika ɗaura? Mutane sun fi tuna wadda ta zo da asuba ta kama aiki. Idon da muke tsoro, yawanci shi ma yana can yana tsoron namu. Mace ɗaya ba za ta iya karya wannan al'ada ba, amma mata 25 za su iya. Ƙungiya tana iya amincewa a kan iyakar gudummawar da 'ya'yanta za su riƙa yi wa juna, kowa ta huta.

Sai zafin asara. Kahneman da abokin aikinsa Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa rashi ya fi samu nauyi a zuciya. Ɗacin ɓatar da dubu 1 yakan kai kusan ninki biyu na daɗin tsintar dubu 1. Wannan hali yana hana mu ganganci, amma yana da illa biyu. Wata ta ƙi ɗaukar rancen da zai ƙara mata jari ko da ta yi lissafi ta ga riba, saboda tsoro. Wata kuma ta riƙe sana'ar da ta daɗe tana faɗuwa, tana ta zuba mata kuɗi, wai don "na riga na kashe da yawa". 'Yar uwa, wanda ya tafi ya tafi, ko kin ci gaba ko kin bari ba zai dawo ba. Tambayar da ta dace ita ce: in yau zan fara, da kuɗin da ke hannuna, wannan sana'ar zan zaɓa?

A tattauna: Akwai kuɗin da muka kashe bara don kunya kawai? Me ƙungiya za ta iya yi a kai?

6. Me ke kawo farin ciki?

Kada wani ya ce muku kuɗi ba ya kawo farin ciki. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne ke faɗin haka. A yankin Rarieda na Kenya, ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidajen talakawa kuɗi ba tare da sharaɗi ba. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka samu damuwarsu ta ragu, jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru. An kuma ga wani abu da ya shafe mu: waɗanda aka ba wata-wata sun fi gyara cin abinci, waɗanda aka ba a dunƙule kuma sun fi sayen abu mai daɗewa, kamar rufin kwano. Rabonmu kuɗi ne a dunƙule, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Aikin da zai iya yi, cinikin yau da kullum ba zai iya ba. In muka farfasa shi ya zama kuɗin cefane, mun rasa ƙarfinsa.

Sai dai zuciya tana da saurin sabo. Ku tuna ranar da kuka fara riƙe wayar hannu, ko ranar da aka jera muku kayan ɗaki. Yau da kuka tashi, kun ko kalle su? Daɗin sabon abu ba ya daɗewa, sai ido ya koma kan wani. Abin da ba a saurin sabawa da shi shi ne wanda ya ɗauke miki wata damuwa da ke dawowa kullum: ɗakin da ya daina yoyo, bashin da aka biya mai shi ya daina sallama, hatsin da kika san zai kai ku kaka. Irin wannan kowane dare kike cin moriyarsa, domin barci kike yi.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan. A Jami'ar Harvard ta Amurka an fara wani bincike a 1938, aka bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, wasu ɗaliban jami'a, wasu 'ya'yan unguwannin talakawa na birnin Boston. Daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Babban abin da aka gano shi ne, waɗanda suke da kyakkyawar dangantaka da mutanensu sun fi farin ciki, sun kuma fi lafiya. Waɗanda suka fi jin daɗin zamansu da iyali da abokai suna shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya suna shekara 80.

A Kanada kuma, a 2008, Elizabeth Dunn da abokan aikinta sun ba mutane dala 5 ko dala 20 da safe. Wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu aka ce su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani sun fi jin daɗi, kuma yawan kuɗin bai kawo bambanci ba. Amma a nan sai a lura: kyautar da kika yi niyya daban take da wadda aka matse ki kika bayar. Ta farko tana sanyaya zuciya, ta biyu tana barin ƙulli. Don haka ki ware kason alheri tun farko, ki bayar da shi da fara'a. In ya ƙare, ki ce ya ƙare, ba ki yi ƙarya ba kuma ba ki yi rowa ba.

Wannan zama namu ma yana cikin lissafi. Wasu matan ba su da wani wurin da za su zauna a saurare su sai nan. Ba a rubuta wannan a littafin ƙungiya, ba a raba shi ranar rabo, amma riba ce.

7. Don wa, don me?

Farin ciki yana zuwa yana tafiya. Akwai wani abu da ke riƙe mutum ko a ranar da babu shi. Uwar da ta kwana zaune a asibiti da jariri ba daɗi take ji ba, amma in ka ce ta tafi gida ta huta ba za ta tafi ba. Ta san dalilin zamanta.

Viktor Frankl likita ne daga birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1945, an tsare shi a sansanonin azaba na 'yan Nazi. Matarsa da iyayensa da ɗan uwansa duk a can suka rasu. Da ya fito ya rubuta littafi a 1946. Abin da ya lura da shi shi ne, fursunonin da suka san akwai wanda ke jiran su, ko wani aiki da ba su gama ba, sun fi iya jure wahala a kan waɗanda suka yanke ƙauna.

Mu ba a irin wannan hali muke ba, Allah ya kiyaye. Amma darasin ya shafi asusu. Zubi kowane mako har shekara abu ne mai wuya. Akwai makon da ciniki zai ƙi, akwai makon da za ki ji gara ki ci abinki. Wadda take tara kuɗi kawai don an ce a tara, takan gaji a hanya. Wadda ta san tana tarawa ne don 'yarta ta gama sakandare, ko don kada ta miƙa hannu ga kowa in ta tsufa, ko don ta riƙe marayun ɗan uwanta, takan nemo zubin ko ta halin ƙaƙa. Dalilin kowa daban ne, kuma babu wanda ya fi na wani daraja. Muhimmin abu shi ne ya zama naki ne, ba na maƙwabciya ba.

A yi shiru na minti biyu. Kowace ta amsa a ranta: Don wa nake zubi? Shekara biyar masu zuwa, in Allah ya kai mu, me nake so ya canza a gidana?

8. Aikin tsakuwa

Kowace mace ta ɗauki tsakuwa 20. Su ne rabonta duka, komai yawansa ko ƙanƙantarsa. Ta zana gida biyar a ƙasa:

1. Abin da ke haihuwa: jari, dabba, iri, taki, kayan sana'a.
2. Abin da ke ɗauke damuwa: biyan bashi, gyaran ɗaki, hatsi, kuɗin makaranta.
3. Ranar matsi: abin da za a ajiye don ciwo ko haihuwa, da zubin farko na sabuwar shekara.
4. Zumunci da alheri.
5. Jin daɗin kaina.

Ta rarraba tsakuwarta a gidajen yadda ta ga ya dace. Kada mai jagora ta faɗa wa kowa nawa za ta sa a ina. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar gida na biyar babu komai. Wadda ta yi shekara tana wahala ta hana kanta ko da sabon kallabi, ita ce wadda zuciya za ta fi ƙarfi ranar da dillaliya ta zo.

Bayan haka mata su zauna bibbiyu, kowacce ta bayyana wa abokiyarta rabonta da dalilinta. Sannan mai jagora ta yi kamar ita ce mai neman aro ko mai tallar atamfa, ta zagaya ta ce: "Ba ni tsakuwa huɗu." Kowace ta nuna daga wane gida za ta cire, ta faɗi abin da ta rasa. In ba za ta bayar ba, ta gwada amsar da za ta faɗa cikin mutunci, da babbar murya, har bakinta ya saba. Misali: "Yaya, ka yi haƙuri, na riga na ba kuɗin nan wuri." Ko kuma: "Bari in kwana da maganar, gobe za ki ji ni."

Abubuwan tunawa

1. A yanke shawara tun kuɗi yana cikin akwati.
2. A raɗa wa kowane kaso suna, a raba musu wurin ajiya.
3. A faɗa wa mutum ɗaya amintacce, domin abin da baki ya furta a gaban wani ya fi wuyar warwarewa.
4. Babban kaso ya bar hannu cikin kwana uku: a sayi dabbar, a biya takin, a kai kuɗin makaranta.
5. Ba a yanke babbar shawara cikin fushi, ko yunwa, ko tsoro, ko ana tsaye a kanki. A bari ta kwana.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowace ta je kasuwa ko ta aika a tambayo mata farashin babban abin da take son saya, don ta san ko rabonta zai kai. Wadda take ganin ya dace, ta zauna da mai gidanta a lokacin natsuwa ta gaya masa shirinta tun kafin kuɗin ya zo, ta ji nasa. Maganar da aka yi babu kuɗi a tsakani ta fi sauƙi. In shirin na son gyara, yanzu ne lokacin gyara shi.

Sakatariya ta ware shafi ɗaya a littafin ƙungiya. Duk wadda ta yarda, a rubuta babban abu ɗaya da ta ƙudurta. Wata uku bayan rabo a buɗe shafin a karanta. Wadda ta cika a yi mata guɗa. Wadda ba ta samu dama ba a tambaye ta abin da ya tare ta, ba da gori ba, a kuma duba yadda ƙungiya za ta taimaka mata a rabo mai zuwa.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muka tara, ya kai mu ranar rabo lafiya.